Mai Riƙe da Mudu a Ranar Rabo

Karatu: Ayyukan Manzanni 6:1-7; 2 Korantiyawa 8:16-24

Muna gaida masu sauraronmu na Yolde Kohi da Mbamba da Namtari da Ngurore, da na cikin Yola da Jimeta, da kowane gida inda ake taruwa da yamma a kunna rediyo, ko a sa ɗan makaranta ya karanta wa iyaye wannan ɗan littafi. In akwai kaka a gidan wadda ba ta jin Hausa sosai, muna roƙo wani ya riƙa juya mata maganar da yarenku, gama maganar yau ta shafe ta fiye da kowa.

Ekklesiyar Lutheran ta Kristi a Nijeriya, wadda kowa ya sani da LCCN, tana da ayyuka uku da ake yawan ambatonsu: agajin waɗanda masifa ta faɗa wa, makarantun yara, da horar da shugabannin ekklesiya. Da yawa cikinmu muna ganin na farkon ne kaɗai ya shafe mu, domin buhun masara ana ganinsa da ido, ana kuma jin nauyinsa a ka. Amma buhu ba ya raba kansa. Wani ne zai kwance bakinsa, wani ne zai kira sunaye, wani ne zai riƙe mudu. Wanene wannan mutum? A ina ya koyi karatu? Wa ya koya masa tsoron Allah? Da wane yare yake magana? Amsar waɗannan tambayoyi ita ce za ta nuna ko gwauruwar da ke bayan layi za ta koma gida da abinci, ko hannu wofi.

Gunagunin farko a cikin ekklesiya

Luka ya ba mu labarin a sura 6 ta Ayyukan Manzanni. Masu bi sun yawaita a Urushalima, ana kuwa raba abinci kowace rana ga matan da mazansu suka mutu. Sai gunaguni ya tashi. Ku lura da abin da ya tayar da shi. Babu wanda ya yi gardama a kan koyarwa ko baftisma. Maganar kwano ce. Jama'ar duka Yahudawa ne, duka sun gaskata da Yesu, duka suna sujada tare, sai dai harshe ya raba su. Waɗansu 'yan ƙasa ne masu yaren gida. Waɗansu kuwa an haife su a ƙasashen waje, sun tashi da Helenanci a bakinsu. Gwaurayen masu Helenancin nan su ne ake tsallakewa.

Luka bai ce da gangan aka yi ba, ni ma ban ga alamar mugunta a wurin ba. Mai rabo ya san matar maƙwabcinsa, ya san sunanta, ya halarci jana'izar mijinta. Wadda ba ta jin yarensa kuwa tana zaune can baya, an yi sanarwa ba ta fahimta ba, kunya kuma ta hana ta tambaya. Haka ake mantawa da mutum ba tare da an ƙi shi ba.

Manzannin ba su tsawata wa masu gunaguni ba, ba su kuma ce a je a yi addu'a a bar maganar ba. Sun kira taro, suka bar jama'a ta zaɓi mutum bakwai daga cikinta. Sharaɗin kuwa mai nauyi ne ga aikin da mu za mu ce ai rabon tuwo ne kawai: su zama waɗanda ake yi musu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu, masu hikima. Sa'an nan ku dubi sunayen waɗanda aka zaɓa: Istifanas, Filibus, Burokoras, Nikanar, Timan, Barminas, da Nikolas mutumin Antakiya. Duka bakwai sunayen Helenanci ne. Masanan Littafi Mai Tsarki da yawa suna ganin wannan ya nuna cewa an ɗauki mudun an sa a hannun ɓangaren da ya yi kuka. Biyu daga cikinsu kuma ba su tsaya a tebur ba. Istifanas ya zama na fari da aka kashe saboda shaidar Yesu, Filibus ya kai Bishara Samariya, shi ne kuma ya yi wa ma'ajin sarauniyar Habasha baftisma.

Mu a Adamawa ba sai an yi mana dogon bayani ba. Sujadarmu da Hausa ce, takardun hukuma da Turanci, kasuwar Yola da Fulatanci. A gida kuwa wani Bachama yake yi ko Bata, wani Verre, wani Chamba, Mumuye, Kilba, Marghi, Kamwe, Lunguda, Yungur ko Mbula. Ranar rabo a kan yi sanarwa da Hausa, a rubuta sunaye da Turanci, mai kira kuma ya karya sunan tsohuwa har ba ta gane nata ne ba. Ta zauna tun safe har la'asar, ta tashi ta tafi.

Abin da 2014 ta nuna mana

Manyanmu duka sun tuna. A watannin Agusta da Satumba na 2014 'yan Boko Haram suka kama Madagali da Michika. Ranar 29 ga Oktoba suka shiga Mubi, a ranar nan kuma hedkwatar 'yan'uwanmu na EYN da ke Kwarhi ta faɗa hannunsu. A Nuwamba abin ya kai Hong da Gombi, inda LCCN take da majami'u masu yawa tun zamanin da. Ɗaruruwan dubban mutane suka kwararo Yola da Jimeta, waɗansu a mota, waɗansu da ƙafa ta cikin duwatsu, waɗansu sai da suka zaga ta Kamaru.

An buɗe sansanoni a Damare da Malkohi. Bishof Stephen Dami Mamza na Katolika ya buɗe harabar majami'ar St. Theresa a Jimeta. Jami'ar Amurka ta Yola tare da ƙungiyar zaman lafiya ta Adamawa, wadda ta haɗa limamai da fastoci, sun ciyar da jama'a mai ɗimbin yawa. Duk da haka ƙididdigar da ƙungiyoyin duniya suka yi a 2015 ta nuna cewa fiye da mutum takwas cikin goma na 'yan gudun hijirar arewa maso gabas ba a sansani suka zauna ba. A gidajen mutane suka zauna. Sansani mafi girma a Adamawa shi ne tsakar gidanku. Kafin motar agaji ta farko ta iso, an riga an ƙara ruwa a miya, an shimfiɗa tabarmi a zaure, yara sun bar wa baƙi ɗakinsu.

Da baƙi suka cika harabar majami'u, me aka fara nema? Mai biro da littafi. Wanda zai rubuta sunan kowane magidanci da yawan iyalinsa. Wadda za ta raba wurin kwanan mata da na maza, ta san mai ciki da mai jego, ta san wanda maganinsa na kullum ya ƙare a hanya. Samarin da za su haƙa masai kafin amai da gudawa su shigo. Wanda zai tsaya tsakanin tsoho mai Kamwe zalla da jami'in hukuma mai Turanci. A wurare da yawa malamin firamare ne ya yi wannan aiki, da mai bishara, da shugabar Zumuntar Mata, da 'yan Birged. Babu wanda ya horar da su a makon nan. Horonsu ya riga masifar da shekaru.

Ruwa ma yana koya mana darasin nan kusan kowace damina. An gama madatsar ruwa ta Lagdo a Kamaru a 1982, a kan kogin Binuwai. Madatsar Dasin Hausa da aka tsara ginawa a yankin Fufore domin ta tare rarar ruwan, ba a gama ta ba. A 2012 aka saki ruwan Lagdo a kan ruwan sama mai yawa, ambaliya ta bi Binuwai daga Fufore, Yola, Girei, Demsa, Numan da Lamurde har ƙasa. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ce a shekarar nan mutum 363 suka mutu a Nijeriya, fiye da miliyan 2 suka bar gidajensu. A 2022 mutuwar ta haura 600. A ƙarshen Yuli na 2025 kuma ruwan dare ɗaya ya shiga unguwannin Shagari da Yolde Pate da Sabon Pegi a Yola ta Kudu, fiye da mutum 20 suka rasu. Masu jin Fulatanci sun san yolde tudu ke nan, daga nan ne ma sunan Yola ya fito. Ranar da ruwa ya taso, mutanen kwari kan tudu suke nufa, kuma sau da yawa ginin da suke samu a buɗe ajin makaranta ne ko majami'a.

Daga ina hannuwan nan suka fito?

A 1913 wani likita ɗan ƙasar Danmak, Dokta Niels Bronnum, ya iso Numan a ƙarƙashin mishan ɗin SUM. Matarsa Margaret ta rasu a ƙasar nan a shekarar, tun kafin ya kai Numan. Turawan mulki ba su yarda mishan ya zauna a garuruwan sarakunan Musulmi ba, saboda haka a cikin Bachama aka fara. Likitan ya wanke gyambo, ya ba da magani, ya kuma zauna ya koyi yaren mutane. A 1915 an riga an buga Bisharar Markus da Bachama, shekara 17 kafin cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. Wannan abin lura ne. Littafin farko da aikin nan ya haifa ba da babban harshe aka yi shi ba.

Bayan ɗakin magani sai makaranta. Yaran da suka koyi karatu a Numan su ne suka koma ƙauyukansu suka buɗe azuzuwa a gindin itace. Aiki ya kai Lamurde, Shelleng, Guyuk, Pella a ƙasar Kilba, da Gurum a ƙasar Chamba. Malamin ƙauye na lokacin mutum ɗaya ne mai aiki da yawa. Da safe ya koyar da abacada, da yamma ya koyar da ajin baftisma, ran Lahadi ya yi wa'azi, shi ne kuma mai karanta wa jama'a wasiƙa da takardar haraji. Idan cuta ta shigo gari, shi ke aika saƙo tashar mishan.

Amma an yi jinkiri wajen naɗa fastoci. Daga 1913 sai da aka kai 1948, shekara 35, kafin a naɗa 'yan ƙasa biyar na farko, cikinsu akwai Habila Aleyideino da Shall Holma. Ana iya ba da dalilai, amma a ganina shekara 35 ta yi yawa, ekklesiya kuma ta jira abin da take da shi a hannu. Da aka buɗe ƙofar kuwa, ku ga saurin da aka yi. A tsakiyar shekarun 1950 ekklesiya ta tsaya da kanta, ta kuma shiga cikin waɗanda suka kafa tarayyar da muke kira TEKAN a yau. A 1960 aka zaɓi Akila Todi ya zama shugaba ɗan ƙasa na farko, a 1973 ya zama bishof. Bayansa David Windibiziri ya hau a 1987, Nemuel Babba a 2002, Musa Panti Filibus a 2017. Dayosis biyu na LCCN suna ɗauke da sunayen Shall Holma da Todi. Makarantar tauhidi ta ekklesiya mai sunan Bronnum kuwa tana Mbamba, a ƙaramar hukumar Yola ta Kudu, ƙaramar hukuma ɗaya da Yolde Kohi.

A 2017 ɗin nan, a taron da aka yi a Windhoek ta ƙasar Namibiya, Tarayyar Lutheran ta Duniya ta zaɓi Musa Panti Filibus shugabanta. Shi ne ɗan Afirka na biyu da ya riƙe kujerar, bayan Bishof Josiah Kibira na Tanzaniya. Ya riƙe ta har 2023, wanda ya gaje shi kuma, Bishof Henrik Stubkjaer, ɗan Danmak ne. Ashe ƙasar da ta aiko mana likita a 1913, ɗanta ya karɓi kujera daga hannun ɗan Adamawa bayan shekara 110. Ita wannan tarayya an kafa ta ne a 1947 a Lund ta ƙasar Suwidin, babban aikinta na farko kuwa kula da 'yan gudun hijirar yaƙin duniya na biyu ne.

A shekarun 1970 gwamnati ta karɓi makarantu da asibitocin mishan a arewa. Daga baya majami'u suka sake buɗe nasu, naziri da firamare da sakandare. Abin godiya ne. Sai dai akwai tambayar da ya kamata dattawa su yi wa kansu da gaskiya: ɗan mai share majami'a zai iya biyan kuɗin makarantar da aka gina da baikon uwarsa? Marayan da aka kashe ubansa a Michika fa? Makarantar Numan ta farko ba 'ya'yan masu kuɗi ta tara ba. In makarantar ekklesiya ta zama ta 'yan kaɗan, nan da shekara 20 ƙauyukan da suka fi shan wahala ba za su sami nasu mai riƙe biro ba, sai a riƙa aiko musu da baƙo ya yi musu rabo.

Haka ma maganar makarantar Baibul. Akwai gidajen da in yaro ya yi ƙoƙari a jarrabawa sai a ce likita ko lauya, in ya faɗi sai a ce to a kai shi aikin Ubangiji. Manzanni sun nemi masu hikima domin rabon abinci kawai, balle kiwon rayuka. Kuma ya kamata kowane yare ya aika nasa, maza da mata, gama LCCN tana naɗa mata fastoci. Hausa ta yi mana alheri mai girma, ita ce ta sa Bachama da Chamba da Kilba suke raira waƙa ɗaya a babban taron Demsa. Amma mutumin da ruwa ya cinye masa gona, ko aka kashe masa ɗa, da yaren uwarsa yake kuka. Yana bukatar makiyayin da zai ji kukan ba tare da tafinta ba.

Akwati mai makulli huɗu

Haɗa ayyukan nan ba a Numan aka fara shi ba. A 1523 mutanen wani ƙaramin gari a Jamus mai suna Leisnig suka tsara asusun gama kai, Martin Luther da kansa ya rubuta gabatarwar tsarin. Daga akwati ɗaya ake biyan fasto, ake biyan malamin makaranta, ake taimakon marayu da tsofaffi da marasa lafiya, ana kuma ajiye hatsi domin shekarar tsada. Mutum goma ake zaɓa kowace shekara su kula da shi: biyu daga masu sarauta, biyu daga majalisar gari, uku daga mutanen gari, uku daga manoman ƙauye. Akwatin yana da makulli huɗu, mabuɗan kuma a hannun ɓangarori dabam dabam suke. Ba wanda zai buɗe shi shi kaɗai, ko da shi waliyyi ne.

A 1524 Luther ya rubuta wa majalisun biranen Jamus su buɗe makarantu domin yara maza da mata. A 1527 annoba ta shiga Wittenberg, aka kwashe jami'a zuwa Jena, shi kuwa ya ƙi tafiya, gidansa ya cika da marasa lafiya. Ya rubuta cewa gudu ba zunubi ba ne ga wanda babu mai dogara gare shi, amma fasto da mai mulki da duk wanda aka ba amanar waɗansu kada su bar su ba mai kula. Ya kuma ce a sha magani, a tsabtace gida, kada a gwada Allah da ganganci. A 1528 ya zaga majami'un ƙauyuka, ya tarar da jama'a da fastoci da yawa ba su san ko tushen bangaskiya ba. Abin ya dame shi ƙwarai, sai a 1529 ya rubuta Ƙaramin Katikisma, wanda muke koya a ajin baftisma, ya kuma shirya shi domin maigida ya koya wa iyalinsa.

Mu koma kan makullan nan huɗu, gama a nan ne ekklesiya ta fi faɗuwa. Manzo Bulus ya tara wa matalautan Urushalima gudummawa daga ekklesiyoyin Makidoniya da Akaya. A 2 Korantiyawa sura 8 ya bayyana cewa bai yarda ya ɗauki kuɗin shi kaɗai ba. Ya aiki Titus, tare da wani ɗan'uwa wanda ekklesiyoyi da kansu suka zaɓa, da wani na uku. Dalilinsa shi ne kada kowa ya sami abin zargi, yana so abin ya zama daidai a gaban Allah da gaban mutane. In Bulus bai ji an raina shi ba da aka haɗa shi da masu sa ido, fasto ko dattijo na yau ba shi da dalilin yin fushi in an ce a ƙirga buhuna a gaban jama'a. Abokan tarayyarmu na Danmak da na Minneapolis a Amurka suna iya aiko da taimako, hukuma ma tana iya kawowa. Buhu ɗaya da ya bi ta ƙofar baya zuwa kasuwar Jimeta ya isa ya rushe wa'azin shekara goma, domin maƙwabta suna gani, yaranmu ma suna gani.

Tsarin ba shi da wuya. A sauke kaya da rana. Mutum uku su ƙirga, a cikinsu akwai mace. A karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a sujadar Lahadi, da Hausa da yaren da ake yi a wurin. Mai riƙe mabuɗin ɗakin ajiya dabam, mai riƙe littafi dabam. Mudun da aka auna wa matar dattijo shi za a auna wa baƙuwa, a cika shi iri ɗaya.

Agaji ƙugiya ce?

Akwai zargin da ake yi mana, ya kamata mu amsa shi a fili. Waɗansu suna cewa Kirista ba ya ba da abinci sai da ƙugiya a ciki, yana son ya ja mutum zuwa majami'a. Gaskiya ne muna so kowa ya ji Bishara, ba mu ɓoye wannan ba. Amma wanda ya sa mayunwaci ya saurari wa'azi kafin ya ba shi mudu, ko ya tambaye shi wace majami'a yake zuwa, bai fahimci koyarwar da yake ɗauke da sunanta ba. Tushen koyarwar Lutheran shi ne ceto kyauta ne, ta wurin alheri, ta wurin bangaskiya, ba a sayensa da aiki. In Allah bai sayar mana ba, mu ba mu da ikon sayen ran wani da masara. A Luka sura 17 Yesu ya warkar da kutare goma, ɗaya ne ya dawo ya yi godiya, bai kuwa mayar wa taran kuturtarsu ba. A Yahaya sura 6 ya ciyar da dubbai, washegari da suka biyo shi saboda gurasa sai ya faɗa musu gaskiya ba tare da rarrashi ba.

Mun ga misali a ƙofar gidanmu. A 2021 Bishof Mamza ya buɗe gidaje 86 da dayosis ɗinsa ya gina wa 'yan gudun hijira a Sangere Marghi, ya gina musu majami'a da makaranta, ya kuma gina wa Musulmin cikinsu masallaci. An yi ta surutu a kai, har daga cikin Kirista. Ba kowace ekklesiya ce za ta yi yadda ya yi ba, amma ba wanda zai ce an sa wa mutanen nan ƙugiya.

Gwajin ya fi tsanani in masifar daga hannun mutum ta zo. A Nuwamba 2017 an kai hari rugagen Fulani a yankin Numan, an kashe mutane da dama, yawancinsu mata da yara. A farkon Disamba aka ƙone ƙauyuka irin su Dong da Lawaru, aka kashe mutane da yawa. Kowane ɓangare ya binne nasa. A irin wannan lokaci mai riƙe mudu zai ga a layi matar da yarenta ya zama masa abin tsoro. Zuciya ba ta koyon abin da za ta yi a ranar. Sai in an riga an shuka shi tun a makarantar Lahadi, an ban ruwa a ajin baftisma, an kuma ga fasto yana yin haka da hannunsa.

Kafin Agusta

A ƙarshen sura 11 ta Ayyukan Manzanni wani annabi mai suna Agabas ya faɗa wa ekklesiyar Antakiya cewa yunwa tana zuwa, ta kuwa zo a zamanin sarki Kalaudiyas. Masu bin Antakiya suka shirya gudummawa, kowa gwargwadon ƙarfinsa, suka aika ta hannun Barnaba da Shawulu. Mu ba ma bukatar annabi ya gaya mana watan da Binuwai yake cika. Mun san Agusta da Satumba ne. Mun kuma san masara da dawa suna araha a Nuwamba da Disamba, suna tsada a tsakiyar damina.

Saboda haka majami'ar da ta sayar da dukan hatsin godiyar kaka a watan Disamba domin ta sayi janareta, za ta sayi hatsin nan da tsada a Agusta in baƙi suka zo. Ana iya ware kashi ɗaya a zuba a rumbun ekklesiya, a sa magani saboda ƙwari, a ba mutum biyu mabuɗi. Zumuntar Mata tana iya rubuta sunayen gwauraye da tsofaffi da naƙasassu na unguwa tun da rani, Kirista da Musulmi, a rubuta yaren kowa a gefen sunansa, da sunan wanda zai je ya ɗauko shi in ruwa ya taso da dare. Matasa su san gidajen da ke bakin rafi, su san mai kwalekwale. Malaman makaranta su koya wa yara haɗa ruwan gishiri da sukari, da tafasa ruwan sha bayan ambaliya, gama rijiyar da ruwa ya shiga takan kashe mutane bayan ruwan ya janye. Takardun haihuwa da na makaranta a sa su a leda a rataye sama.

Ga iyayen da suke da yaro ko yarinya mai kaifin kai, mai gaskiya a kan canjin kuɗin aike, mai jin yaren gida da Hausa da Turanci, ku kai maganarsa gaban dattawa. Majami'u biyu ko uku na yare ɗaya suna iya haɗa hannu su biya masa kuɗin makarantar Baibul ko na Mbamba, da alkawarin zai dawo ya yi musu hidima na 'yan shekaru.

A addu'ar gida ta wannan mako a tuna da iyalan Shagari da Yolde Pate da Sabon Pegi da suka rasa nasu a 2025, da ɗaliban Mbamba da malamansu. Kafin mu sake saduwa a karanta 2 Timoti sura 2, daga aya 1 zuwa 7, in za mu ci gaba da maganar yadda Bulus ya horar da Timoti. Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku.